Amsoshin Tambayoyinku: Sidiki Kaba, Lauyan da Ya Shugabanci FIDH Kafin Ya Shiga Gwamnatin Sanagal

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo mana a kan mutum ɗaya, wato Sidiki Kaba na ƙasar Sanagal, wanda ya yi suna a fagen kare haƙƙin ɗan Adam, ya riƙe ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa, daga bisani kuma ya zama firaminista na ɗan gajeren lokaci a shekarar 2024. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani ɗalibin shari'a a Yamai: Assalamu alaikum. Ina neman taƙaitaccen tarihin Sidiki Kaba, da bayani a kan ƙungiyar FIDH da ya shugabanta, domin mu a nan mun fi jin sunan Amnesty International, kuma ban san bambancin da ke tsakaninsu ba.

Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Sidiki Kaba a ranar 21 ga Agusta, 1950, a Tambacounda, babban garin gabashin Sanagal da ke kan layin dogon da ya haɗa Dakar da Bamako. Ya yi karatu a jami'o'in Abidjan da Dakar, inda ya haɗa ilimin shari'a da falsafa da adabi, sannan ya fara aikin lauya a Dakar a shekarar 1980. Ya shigo aikin a kan gaɓa, domin a ƙarshen wannan shekarar ce Léopold Sédar Senghor ya sauka daga mulki bisa raɗin kansa ya miƙa wa Abdou Diouf, wanda ya buɗe ƙofar kafa jam'iyyu ba tare da ƙayyade yawansu ba a 1981. A watan Yunin 1981 ɗin ne kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi a birnin Nairobi, wadda babban alƙalin Sanagal Kéba Mbaye ya jagoranci tsara daftarinta. Saboda haka matashin lauya a Dakar ya samu sararin magana da na shiga kotu wanda takwarorinsa da ke ƙarƙashin mulkin soja a ƙasashe da dama na yankin ba su samu ba.

Yana cikin jagororin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Sanagal da ake kira ONDH, ya kuma shugabance ta daga 1995 zuwa 2000. A aikinsa na lauya ya tsaya wa 'yan siyasar da gwamnatocinsu suka tsare, cikinsu har da Alpha Condé, jagoran adawa na Gini wanda aka kama bayan zaɓen Disambar 1998 aka yanke masa ɗaurin shekara biyar a 2000 a zamanin Lansana Conté, da kuma Idrissa Seck, tsohon firaministan Sanagal da aka tsare a 2005 bayan ya raba gari da Shugaba Abdoulaye Wade.

Ita kuwa FIDH, wato Tarayyar Ƙungiyoyin Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya, ta girmi Amnesty da kusan shekara arba'in. An kafa ta a Paris a 1922 bisa jagorancin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na Faransa da Jamus, 'yan shekaru kaɗan bayan ƙasashen biyu sun gama yaƙi da juna, ita kuma ƙungiyar ta Faransa ta samo asali ne tun 1898 daga rikicin shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan sojan da aka ɗaure bisa ƙazafin cin amanar ƙasa. An kafa Amnesty a Landan a 1961, kuma ƙarfinta yana ga ɗaiɗaikun mambobinta da ke ko'ina a duniya da babban ofishinta mai gudanar da bincike. FIDH kuwa inuwa ce da ƙungiyoyin ƙasashe ke taruwa a ƙarƙashinta, kowacce da shugabanninta da 'yancin kanta, kuma a yau adadinsu ya haura 180. Ƙungiyar ANDDH ta Nijar tana cikinsu. Amfanin wannan tsari shi ne wanda ke magana a kan ƙasa ɗan ƙasar ne da ya san ta, matsalarsa kuma ita ce idan gwamnati ta murƙushe ƙungiyar gida ko ta saye ta, uwar ƙungiyar tana rasa idonta a wannan ƙasa.

An zaɓi Kaba shugaban FIDH a babban taronta na Casablanca a watan Janairun 2001, ya gaji lauyan Faransa Patrick Baudouin, ya zama ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A daidai wannan lokaci babban sakataren Amnesty ma ɗan Sanagal ne, Pierre Sané, wanda ya riƙe muƙamin daga 1992 zuwa 2001, ta yadda na 'yan watanni manyan ƙungiyoyin nan biyu duk suna hannun 'yan ƙasa ɗaya. An sake zaɓen Kaba a Quito a 2004, ya sauka a 2007, Souhayr Belhassen ta Tunisiya ta gaje shi a matsayin mace ta farko.

Abin da ya fi fitowa fili a zamaninsa shi ne dogaro da kotu fiye da fitar da sanarwa. A watan Yulin 2005 wata kotu a birnin Nîmes na Faransa ta yanke wa hafsan sojan Muritaniya Ely Ould Dah ɗaurin shekara goma a bayan idonsa saboda azabtar da sojoji baƙar fata na ƙasarsa a farkon shekarun 1990, a ƙarar da FIDH da ƙungiyar Faransa suka shigar tun 1999. Ƙungiyar ta kuma kai ƙara a Faransa a 2001 kan 'yan gudun hijira kimanin 350 da suka ɓace a tashar jiragen ruwa ta Brazzaville a 1999, sannan a 2006 ta shiga sahun masu ƙarar sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld a Jamus kan azabtar da fursunoni a Abu Ghraib da Guantanamo, ko da yake masu gabatar da ƙara na Jamus sun ƙi karɓar wannan batu.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maiduguri: Mu da muke maƙwabtaka da Chadi mun girma muna jin labarin Hissène Habré. An ce wannan mutum, Sidiki Kaba, shi ne ya sa aka ɗaure shi. Shin gaskiya ne, kuma me ya sa aka yi shari'ar a Sanagal maimakon Chadi?

Malama, akwai gaskiya a cikin maganar, amma an zuzuta ta, kuma zuzutawar tana tauye haƙƙin waɗanda suka fi shi wahala a kan lamarin. Habré ya mulki Chadi daga Yunin 1982 zuwa Disambar 1990, lokacin da Idriss Déby ya kore shi, ya bi ta Kamaru ya samu mafaka a Dakar. Kwamitin binciken da gwamnatin Chadi ta kafa ya ƙiyasta a rahotonsa na 1992 cewa mutum kusan 40,000 aka kashe a zamaninsa, mafi yawa ta hannun 'yan sandan asirinsa da ake kira DDS. Waɗanda suka ɗauki nauyin neman hukunci su ne mutanen da suka fito da rai daga gidajen yarin, irin su Souleymane Guengueng, tare da lauyarsu 'yar Chadi Jacqueline Moudeina, wadda aka ji wa mummunan rauni da gurneti a Njamena a 2001 amma ba ta janye ba, da Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch. Kaba yana cikin lauyoyin Sanagal da suka tsaya musu lokacin da suka shigar da ƙara a Dakar a watan Janairun 2000.

Dalilin zuwa Dakar shi ne a can wanda ake tuhuma yake zaune, kuma Sanagal ta rattaba hannu a Yarjejeniyar Haramta Azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa, idan wanda ake zargi da azabtarwa yana cikinta, ko dai ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi ga ƙasar da za ta yi masa shari'a, ko da a wata ƙasar ya aikata laifin. A ranar 3 ga Fabrairu, 2000, alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habré, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar, sannan babbar kotun ƙasar ta yanke a watan Maris na 2001 cewa dokokin Sanagal ba su ba kotunanta hurumin sauraren laifin da baƙo ya aikata a ƙasar waje ba.

Daga nan aka shiga shekaru goma sha ɗaya na jan ƙafa. Beljiyam ta tuhumi Habré a 2005 ta nemi a miƙa mata shi. Tarayyar Afirka, a taronta na Banjul a Yulin 2006, ta umarci Sanagal ta yi masa shari'a a madadin Afirka, gwamnatin Wade ta gyara dokokinta, amma ta tsaya a kan cewa sai an ba ta kuɗin shari'ar gaba ɗaya kafin ta fara. Kotun ECOWAS ta yanke a Nuwambar 2010 cewa sai dai a kafa kotu ta musamman. A ranar 20 ga Yuli, 2012, Kotun Duniya da ke sasanta ƙasashe ta umarci Sanagal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi. A lokacin Macky Sall ya riga ya kayar da Wade a zaɓe, kuma ministar shari'arsa Aminata Touré ce ta kammala yarjejeniya da Tarayyar Afirka, aka buɗe kotun ta musamman a Fabrairun 2013, aka kama Habré a ranar 30 ga Yuni na wannan shekarar.

Sai a watan Satumbar 2013, da aka naɗa Aminata Touré firaminista, Kaba ya karɓi ma'aikatar shari'a. Wato ya tarar da kotun a kafe, wanda ake tuhuma kuma a tsare. Abin da ya rataya a wuyansa shi ne ganin shari'ar ta gudana har ƙarshe, kuma ta gudana: an fara ta a ranar 20 ga Yuli, 2015, ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso, an saurari shaidu fiye da 90, an gabatar da dubban takardun DDS da aka gano a tsohon ofishinta a 2001, waɗanda ke ɗauke da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. A ranar 30 ga Mayu, 2016, aka yanke masa ɗaurin rai da rai bisa laifukan cin zarafin bil'adama da laifukan yaƙi da azabtarwa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a ranar 27 ga Afrilu, 2017. Wannan ne karo na farko da kotu a wata ƙasar Afirka ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar kan irin waɗannan laifuka.

Mai adalci zai iya tambaya ko ya dace tsohon lauyan masu ƙara ya zama ministan shari'a a lokacin da ake shari'ar, kuma tambayar tana da tushe. Abin da ya rage mata nauyi shi ne Tarayyar Afirka ce ta naɗa alƙalan, kuma hujjojin da aka dogara da su rubutattu ne na gwamnatin Habré kanta. Inda shari'ar ta gaza shi ne wajen diyya: kotu ta yanke sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, amma har Habré ya mutu a Dakar a ranar 24 ga Agusta, 2021, waɗannan kuɗi ba su kai hannun masu su ba, kuma da yawa daga cikinsu sun riga shi rasuwa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Na ji an kira shi jami'in diflomasiyya na ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Shin shi ne ya shugabanci ƙungiyar Francophonie? Kuma mene ne alaƙarsa da kotun ICC da ake cewa 'yan Afirka kaɗai take farauta?

Malam, ɗan Sanagal da ya shugabanci ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da Faransanci shi ne tsohon shugaba Abdou Diouf, daga 2003 zuwa 2014. Ita ƙungiyar a Yamai aka aza harsashinta a ranar 20 ga Maris, 1970, bisa ƙoƙarin Senghor da Hamani Diori na Nijar da Habib Bourguiba na Tunisiya, kuma Nijar ɗin ce ta sanar da ficewarta daga cikinta a watan Maris na 2025, Burkina Faso da Mali suka bi sahu. Diflomasiyyar Kaba ta kasance a wurare biyu dabam: ma'aikatar harkokin wajen Sanagal, wadda ya riƙe daga Satumbar 2017 zuwa Afrilun 2019, da kuma shugabancin majalisar ƙasashen da ke cikin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC. A zamaninsa na ministan waje Sanagal ta kammala wa'adinta na shekara biyu a Kwamitin Sulhu, ta shiga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva, inda jakadanta Coly Seck ya shugabanci hukumar a 2019. Wa'adi ne gajere, kuma manufofin wajen Sanagal a fadar shugaban ƙasa ake tsara su, don haka ba za mu daɗe a kansa ba.

Aikin kotun ya fi nauyi. Sanagal ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da Yarjejeniyar Roma da ta kafa kotun, a ranar 2 ga Fabrairu, 1999. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suna da majalisa wadda ke zaɓen alƙalai da mai gabatar da ƙara, ta amince da kasafin kuɗi, ta kuma yi gyaran dokoki, amma ba ta da hannu a yanke hukunci. A Disambar 2014 aka zaɓi Kaba shugaban wannan majalisa na shekara uku, ɗan Afirka na farko a kujerar, kuma ya hau ta ne a lokacin da dangantakar kotun da Afirka ta fi tsami. A watan da aka zaɓe shi aka janye tuhumar Shugaba Uhuru Kenyatta na Kenya. A Yunin 2015 Afirka ta Kudu ta bar Umar al-Bashir na Sudan ya fice daga ƙasarta bayan taron Tarayyar Afirka duk da sammacin kama shi. A Oktoban 2016 kuma Burundi da Afirka ta Kudu da Gambiya suka sanar da ficewarsu ɗaya bayan ɗaya, har aka fara fargabar nahiyar za ta fice gaba ɗaya.

Matsayin da Kaba ya ɗauka shi ne a saurari koken ƙasashen Afirka a cikin majalisar, su kuma su zauna su nemi gyara daga ciki. Muna ganin matsayin ya yi daidai, domin koken yana da gaskiya ta wani ɓangare: Amurka da Rasha da Sin ba sa cikin kotun, amma suna da ikon tura wata ƙasa gabanta ta Kwamitin Sulhu, kamar yadda aka yi da Darfur a 2005 da Libiya a 2011, kuma sai a Janairun 2016 kotun ta buɗe bincikenta na farko a wajen Afirka, a ƙasar Jojiya. Sai dai masu cewa farauta ake yi sukan manta cewa gwamnatocin Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali su ne da kansu suka gayyaci kotun, kuma mai gabatar da ƙara a wancan lokaci, Fatou Bensouda, 'yar Gambiya ce.

Burundi kaɗai ce ta fice a wancan zagaye, a ranar 27 ga Oktoba, 2017. Gambiya ta janye sanarwarta bayan Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh, Afirka ta Kudu kuma ta janye tata bayan babbar kotunta ta ce gwamnati ba ta da ikon ficewa ba tare da amincewar majalisar dokoki ba. A nan ma ya kamata a lura cewa masu zaɓe a Gambiya da alƙalai a Pretoria ne suka juya akalar, ko da yake lallashin da Sanagal da Nijeriya suka yi a cikin Tarayyar Afirka ya taimaka wajen hana shawarar ficewar bai-ɗaya ta Janairun 2017 zama tilas a kan kowa. Batun bai mutu ba, tun da a Satumbar 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da cewa za su fice daga kotun.

Tambaya daga wani dattijo a Damagaram: Ni tambayata mai zafi ce. Mutumin da ya shekara fiye da ashirin yana kare waɗanda gwamnati ta zalunta, sai ga shi minista a gwamnatin da ta ɗaure 'yan adawa, ana kuma harbin matasa a titi yana riƙe da ma'aikatar soja. Wannan ba cin amanar abin da ya tsaya a kai ba ne?

Ranka ya daɗe, tambayarka tana kan hanya, kuma za mu amsa ta ba tare da kwana-kwana ba. Kaba ya zauna a gwamnatin Macky Sall daga Satumbar 2013 har zuwa ranar da gwamnatin ta sauka a Afrilun 2024, a ma'aikatun shari'a da harkokin waje da soja da cikin gida, sannan ofishin firaminista. Wanda ya yi shekara goma da rabi a irin waɗannan kujeru ba zai ce bai san abin da ake yi ba.

Yana ministan shari'a aka yi shari'ar Karim Wade, ɗan tsohon shugaban ƙasa, a wata kotu ta musamman mai hukunta masu tara dukiya ta haram da ake kira CREI, wadda aka kafa a 1981 aka farfaɗo da ita a 2012. A wannan kotu wanda ake tuhuma ne ke da nauyin tabbatar da halaccin dukiyarsa, kuma ba shi da damar ɗaukaka ƙara a kan ainihin hujjojin shari'ar. A 2014 FIDH da ONDH, ƙungiyoyin nan biyu da Kaba ya taɓa shugabanta, sun fito tare da takwarorinsu na Sanagal sun ce kotun tana tauye haƙƙin kare kai. An yanke wa Karim Wade ɗaurin shekara shida da tarar sefa biliyan 138 a watan Maris na 2015, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar ta saɓa doka, gwamnati ta yi watsi da wannan ra'ayi, daga baya ta yi masa afuwa a Yunin 2016 ya tafi Katar. A watan Maris na 2017, Kaba yana nan a ma'aikatar, aka kama magajin garin Dakar Khalifa Sall bisa zargin almundahana, kuma a 2018 kotun ECOWAS ta ce an tauye masa haƙƙi. Waɗannan mutum biyu su ne manyan masu iya ƙalubalantar Macky Sall, kuma dukansu an hana su tsayawa takara a 2019. Ba mu ce ba su da laifi ba. Abin da muke cewa shi ne da lauya Kaba na shekarar 2000 ne ke tsaya musu, da shi ne na farko da zai soki yadda aka bi da su.

Yana ministan soja, daga Afrilun 2019 zuwa Oktoban 2023, aka yi tarzomar Maris ta 2021 bayan kama jagoran adawa Ousmane Sonko, inda aka kashe mutum fiye da goma, da ta Yunin 2023 bayan an yanke wa Sonko ɗaurin shekara biyu, inda gwamnati ta ce mutum 16 suka mutu, Amnesty ta ce 23. A tsarin Sanagal rundunar jandarma tana ƙarƙashin ma'aikatar soja, ko da yake aikin kwantar da tarzoma a birane ma'aikatar cikin gida ce ke jan ragamarsa. Da ya koma ma'aikatar cikin gidan a Oktoban 2023, hukumar zaɓe da ke ƙarƙashinta ta ƙi ba wakilin Sonko takardun neman goyon bayan masu zaɓe duk da hukuncin wata kotu a Ziguinchor da ta ce a mayar da sunansa cikin rajista. Yana kan wannan kujera a ranar 3 ga Fabrairu, 2024, da Macky Sall ya ɗage zaɓen da aka shirya yi a ranar 25 ga watan, aka sake zubar da jini a tituna.

Masu kare shi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wanda ke cikin ɗaki ya fi wanda ke bakin ƙofa iya hana ɓarna, cewa sojan Sanagal bai taɓa juyin mulki ba tun samun 'yancin kai a 1960 kuma bai yi ba a waɗannan shekaru da maƙwabta ke faɗawa hannun soja, cewa kuma gwamnatin da ya jagoranta ce ta gudanar da zaɓen da ɗan adawa ya lashe aka miƙa masa mulki lafiya. Abin da ya raunana hujjar shi ne abin da ya hana a ɓoye, idan ya hana, ba mai iya aunawa, abin da ya faru a fili kuwa kowa ya gani, kuma bai ajiye muƙami ba a kan ko ɗaya daga cikinsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma minista a tsarin da shugaban ƙasa ke naɗawa ya kuma sauke yadda ya ga dama yana cikin wannan hali. Mu dai ba za mu kira shi maci amana ba, domin aikinsa a kan Habré da kotun ICC yana nan ba ya goguwa, amma a ganinmu mai kare haƙƙin ɗan Adam ya yi tasiri a gwamnati ne kawai a wuraren da bukatar shugaban ƙasa ta zo daidai da tasa, inda suka saɓa kuwa ministan ne ya rinjayi lauyan.

Wanda ya warware rikicin 2024 shi ne Kotun Tsarin Mulki, da ta soke ɗage zaɓen a ranar 15 ga Fabrairu, ta kuma ƙi yarda a wuce ranar 2 ga Afrilu da wa'adin shugaban ke ƙarewa. A ranar 6 ga Maris aka naɗa Kaba firaminista domin Amadou Ba, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya samu damar yaƙin neman zaɓe. A wannan rana ce kuma majalisar dokoki ta amince da dokar afuwa da ta shafi duk abin da ya faru a tarzomar siyasa daga Fabrairun 2021 zuwa Fabrairun 2024. Dokar ce ta ba da damar sakin Sonko da Bassirou Diomaye Faye, wanda ya tsaya takara a madadinsa, daga kurkuku a ranar 14 ga Maris, Faye ya lashe zaɓen 24 ga Maris da kashi 54 cikin ɗari, Kaba ya sauka Sonko ya gaje shi bayan ƙasa da wata ɗaya a ofis. Amma ita dokar ce kuma ta rufe ƙofar kotu ga iyalan mutum fiye da 60 da Amnesty ta ce an kashe a waɗannan shekaru uku, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi tir da shi tun a lokacin. A watan Afrilun 2025 sabuwar majalisar dokoki ta yi wa dokar gyaran fuska, Kotun Tsarin Mulki ta soke gyaran, amma ta bayyana a cikin hukuncinta cewa kisa da azabtarwa ba sa cikin laifukan da afuwa za ta iya shafewa, saboda yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da Sanagal ta rattaba wa hannu.